Ta ci aji, amma a wata makarantar

A watan Yuni na 2024 na je karɓo bilten, wato takardar sakamakon shekara, na ɗiyar yayata a wata lise (babbar sakandare) mai zaman kanta a nan Yamai. Takarda ce guda ɗaya, an buga ta da kwamfuta, ga tambarin makaranta a sama, ga sa hannun shugaba a ƙasa. Mwayen ɗinta ta shekara, wato matsakaicin makinta, 11,20 ce cikin 20. A gurbin da ake rubuta hukuncin majalisar malamai kuwa, an rubuta da Faransanci cewa ta ci aji, tana iya shiga ajin ƙarshe, amma a wata makarantar. Sau uku na karanta wannan layi ina tsaye a bakin tagar sakatariya. Tun ranar nake son in zauna in bi diddigin yadda muka iso nan, domin bayan na fara ba da labarin sai na tarar gidaje da yawa sun taɓa riƙe irin wannan takarda, kowa ya yi shiru da tasa.

Ba zan faɗi sunan makarantar ba, haka ma na yarinyar. Ƴar fari ce, uwarta ma ba ta kiran sunanta, "yarinyar nan" take cewa, ni ma haka zan ce.

Daga Tawa zuwa Yamai

A Tawa aka haife ta, can ta yi firamare da kwaleji, duk a makarantun gwamnati, kuma ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ko ta biyu ba. Ubanta ɗan ci-rani ne a Abijan kamar Adarawa da yawa, yana da ɗan shagon kayan masarufi, sai shekara ta zagayo yake leƙo gida. Da ta ci BEPC, jarrabawar gama kwaleji, a 2022 da maki mai kyau, ya kira ni da daddare ya ce: "Malam, yarinyar nan likita nake so ta zama. Ka nemo mata makarantar da ta fi kowace a Yamai, kada ka duba kuɗi." Dole a duba kuɗi, ni na sani, shi ma ya sani. Jika 450 ake biya a shekara, wato sefa dubu 450, ban da tufafin makaranta da littattafai da kuɗin taksi. A lokacin mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan bai wuce sefa dubu 30 da ƴan kai ba, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa dubu 42. Wannan kuɗi gumin watanni ne na mutumin da ke kwana a bayan kantarsa.

Ni na zaɓi makarantar, kuma abin da ya ja ni shi ke jan kowa. Duk shekara bayan fitowar sakamakon bak, jarrabawar gama lise, sukan rataya wani ƙyalle a ƙofa, an rubuta kashi 100 cikin 100 da manyan baƙaƙe. A Nijar wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shekaru da dama a jere, cikin yara uku da suka zauna bak biyu ke faɗuwa, wata shekarar ma abin ya fi haka muni. Uban da ya ga makarantar da babu faɗuwa a cikinta, tamkar mai ƙishi ne ya hango rijiya. Ban tambayi komai ba sai ranar gwajin shiga.

Ta yi gwajin ta ci. A farkon Oktoba ta hau bas ta biyo ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500, ta sauka gidana a unguwar Banifandu da akwati ɗaya da rabin buhun albasa da uwarta ta aiko wa matata. Da na kira in shaida wa yayata ta iso lafiya, abin da ta ce shi ne: "To, amana ce na ba ka."

Shida cikin ashirin

Ga wanda bai yi karatu a tsarinmu ba, maki kan 20 ake bayarwa, kuma 10 ce iyaka tsakanin ci da faɗuwa. Kowane darasi da nauyinsa, abin da ƴan lakwal ke kira kwafisiyan. A ɓangaren kimiyya, lissafi da fizik da kimiyyar halittu su ne masu nauyi, saboda haka mummunan maki ɗaya a lissafi yakan cinye kyawawan maki biyu ko uku na tarihi da Ingilishi. Lise shekara uku ce, segond da piremiyar da tarminal, daga nan sai bak.

A mako na huɗu aka mayar musu da takardun dabuwar ta farko ta lissafi, wato gwajin da ake rubutawa a aji. Ranar ta dawo ba ta taɓa abinci ba, ta ce kanta ke ciwo. Washegari matata, wadda take kira Tanti, ta tsinci takardar a ƙarƙashin katifa, an ninke ta gida huɗu. An rubuta 06 da jan biro, an zagaye, an ja layi biyu a ƙasa. Aikina lissafin kuɗi ne, ban manta na lise duka ba, sai na zauna na bi takardar layi-layi. Tambayoyi huɗu ne. Ta farko ta yi ta daidai. Ta biyu ta ɗauko hanya daidai tun daga sama, sai a layin kusa da na ƙarshe alamar ragi ta kuɓuce mata ta koma ta tarawa, malamin ya ja dogon jan layi daga sama har ƙasa ya ba ta sifiri a tambayar baki ɗaya. Ta uku ma kusan haka. Ta huɗu lokaci ya ƙare mata a tsakiya. A duk takardar babu kalma ɗaya ta bayani, babu ko ɗan ɗigo da zai nuna mata inda ƙafarta ta zame. Wanda ya fi kowa a ajin 11 ya samu.

Na kira ta na ce: "Kin saba da zama ta ɗaya, to nan ba Tawa ba ce. Ki ɗaura ɗamara." Ta ce: "To, Kawu." Har yau wannan magana tana ci mini rai. Na ga abin da ke cikin takardar da idona, na san aikin ya fi ƙarfin 06, amma na goya wa jan biro baya saboda na riga na yarda cewa tsada da tsanani su ne alamar makaranta ta gari.

A hankali na san sauran al'adun gidan. Antero, wato ɗan gwajin ba-zata, yana iya faɗowa kowace safiya. Duk Asabar akwai dabuwar ta awa uku ko huɗu. Malamin Faransanci yakan ce musu 20 ta Allah ce, 19 tasa ce, su sai su nemi abin da ya rage, kuma a shekara biyu babu wanda ya wuce 13 a hannunsa. In zango ya ƙare, sansur, mai kula da harkar karatu a makarantar, yakan shiga aji da kansa ya karanta matsayi, yana farawa daga na ƙarshe, kowa ya miƙe in an kira sunansa. Sannan akwai zauren WhatsApp na iyaye inda ake tura jerin maki da sunaye. Nan ne na ga yadda mu iyaye muke ƙara wa wutar itace. Wannan ya ce ɗansa yana da malaman gida uku, wancan ta ce a ƙara darasi ranar Lahadi. Ban taɓa ganin wani ya tambayi ƙarfe nawa yaran ke kwanciya ba, har da ni.

Ta fita segond da 12 da ƴan kai, da ƙyar da jiɓin goshi, aka tura ta piremiyar D, ɓangaren kimiyya.

Shekarar duhu

Shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ita ce ta karya ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Duk mazaunin Yamai ya san yadda muka yi waɗannan watanni, unguwa ta samu ƴan awoyi, ta rasa ƴan awoyi. Makarantar tana da janareta, gidana babu. Jadawalin dabuwar kuwa ko rana ɗaya bai motsa ba.

Ga yadda yininta yake. Takan tashi ƙarfe 4, ta yi bita kafin asuba. Ƙarfe 6 da rabi tana bakin titi tana tsaida taksi, domin wanda ya makara bayan 7 da rabi a waje zai yini, in kuma an yi antero a bayansa sifiri ne. A tashi bayan azahar, a koma da la'asar har kusan magariba. Dare uku a mako malamin gida na zuwa. Bayan ya tafi ta ɗauko aikin gobe. In babu kuran, wato wutar lantarki, sai ta fito tsakar gida da fitila mai caji, in ta mutu ta kunna ta waya, ga sauro, ga kofin Nescafé a gefe. Sau da yawa nakan fito cikin dare in gan ta, in ce "Sannu da ƙoƙari," in koma ciki ina jin daɗi a raina. Likitoci sun ce yaro mai irin shekarunta barcin awa 8 zuwa 10 yake bukata. Ita huɗu take samu, ranar sa'a biyar.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yarinyar da ta zo gidan nan tana yi wa ƙannenta kitso tana ba su tatsuniya ta koma ba ta magana sai an tambaye ta. Ta rame, ta daina zuwa gidan ƴan'uwa ranar Lahadi. In uwarta ta kira, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Inna."

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya, da na tattara takardunta na jera su, shi ne yadda karatun kansa ya lalace. A takardun farko tana gwadawa, tana rubuta hanya ko da ba ta kai ƙarshe ba. A na tsakiyar piremiyar sai na fara ganin fili. Tambaya ta uku, fili. Ta huɗu, ta rubuta lamba ta ja layi ta bar ta. Da na tambaye ta ta ce: "Kawu, in ban tabbata da amsar ƙarshe ba, ko na rubuta sifiri ne, kuma Mushe (malamin) zai karanta wa aji." Ta daina neman gane darasi, ta koma haddace atisayen da aka riga aka warware, da fatan irinsa zai fito. Malamin da ba ya ba rabin hanya ko rabin maki, abin da yake koya wa yaro ke nan: kada ka taɓa abin da ba ka da tabbas a kansa. Wanda kuma ya koyi wannan ya yi bankwana da lissafi, ko da yana zaune a aji.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris, ya haɗu da zafin da aka daɗe ba a ga irinsa ba a ƙarshen watan da farkon Afrilu, ma'auni yana haura 40 kullum. Wata Asabar ana tsakiyar dabuwar ta fizik ta yanke jiki ta faɗi. Surbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, ne ya kira ni. Kafin in iso ƴan ajinsu sun riga sun yanke cewa iska ce, domin faɗuwar ƴan mata a makarantu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuma da wannan sunan aka fi sanin sa. Surukata ta kawo malami ya yi mata ruƙiya, ban hana ba, addu'a ba ta taɓa yin yawa. Amma na kai ta asibiti. Aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa, ga ciwon ciki na rashin cin abinci kan lokaci da yawan kofi, ga gajiya. Likitar ta dube ni ta ce: "Baba, ƙarfe nawa take kwanciya?" Na buɗe baki ban sami amsa ba. Yarinya tana ɗaki ɗaya da ƴaƴana, amana a hannuna, ban san lokacin barcinta ba.

Dabuwar da ta faɗi a cikinta sifiri aka fara sa mata. Sai da na kai takardar likita aka soke.

Abin da sansur ya ce, da abin da malami ya ce

Na nemi ganin sansur. Dattijo ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, kuma ban fito ina ganin sa mugu ba. Ya ce: "Alhaji, gara ta yi kuka yanzu da ta yi shi ranar sakamako. Mai gyaran bak bai san ta ba, takardar ma babu suna a kanta. Mu muna gasa su a nan don kada wutar can ta ƙona su. Wanda ya samu 10 a wurinmu, 13 zai samu a bak." Akwai gaskiya a maganarsa. Takardun bak a rufe suke, malaman wasu makarantu ke gyarawa, babu sani babu sabo. Sai na ce: "To Mushe, in 10 ɗinku 13 ce a can, me ya sa mai 11 ba zai shiga tarminal ba?" Ya ɗan yi shiru, ya gyara takardun gabansa, ya ce 12 doka ce ta mai makaranta, ba shi ya sa ta ba.

Sauran bayanin a fada na same shi, wurin wani abokina da muka yi aji ɗaya, wanda yanzu yake koyar da fizik. Da safe yana lise ta gwamnati, sauran lokacinsa ya raba wa makarantu masu zaman kansu uku. Muna shan shayi ya ce in lissafa da kaina. Awar da ya tsaya gaban allo ita ake biyan sa, ba a biyan daren da zai kwana yana gyara. In dabuwar ta haɗu a mako ɗaya, takardu kusan 300 ke jiran sa. Wa zai bi hanyar kowane yaro layi-layi? Ido yakan tafi kan amsar ƙarshe, in ta yi daidai a ba da maki, in ba ta yi ba a ja layi. Ya ce na biyu, a irin waɗannan makarantu malamin da ajinsa ya cika samun maki ana yi masa kallon mai araha, shekara mai zuwa a rage masa awoyi, wanda kuwa rabin ajinsa ke ƙasa da 8 shi ake kira gwani. Na uku ya faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa: yaron da ya samu 05, wa ubansa zai nema ya zo gida ya yi masa darasi in ba malamin da ya ba shi 05 ɗin ba? Ya rantse ba duka ke yin haka ba, akwai waɗanda ke gyara tsakani da Allah, na kuma yarda da shi domin malamar kimiyyar halittu ta yarinyar nan takan cika gefen takarda da bayani, kuma a darasinta kaɗai yarinyar ba ta taɓa barin fili ba.

Rariya

Da bilten ɗin Yuni ya zo hannuna sai na yi abin da ya kamata in yi tun 2022, na yi ƙidaya. Na sa yarinyar ta tuno mini. Shekarar da suka shiga, azuzuwan segond na kimiyya uku ne, kowane da yara wajen 40. A piremiyar suka koma biyu. Waɗanda aka bari su shiga tarminal ba su kai 50 ba. Ke nan cikin yara kusan 120 da iyayensu suka ga ƙyalle suka kawo su, fiye da rabi sun zube a hanya, wasu sun maimaita, wasu an sallame su da irin takardarmu. Kashi 100 ɗin da ake ratayawa na waɗanda suka rage a saman rariya ne.

Akwai kuma tankaɗe na biyu. Lokacin haɗa dosiyen bak, wato takardun rajistar jarrabawa, wanda aka ga yana tangal-tangal a tarminal sai a kira ubansa a ba shi shawara ya yi rajista a matsayin kandida libir, wato ɗan takara mai zaman kansa. Zai ci gaba da zuwa aji, zai ci gaba da biyan kuɗi, amma sunansa ba ya cikin jerin makaranta. In ya faɗi, faɗuwarsa ce shi kaɗai.

A nan ne na fahimci aikin da ƙarancin maki yake yi. In za ka kori yaron da ya ci aji, kana bukatar lambar da za ka nuna wa ubansa. Malami ya matse maki, mai makaranta ya ɗaga iyaka daga 10 zuwa 12, tsakanin matsi da ɗagawa sai a sami hanyar sallamar duk wanda ake shakkar sa, kuma uba ya tafi yana ganin laifin ɗansa ne. Ni ba na ƙin tsanani. Malaman da suka koyar da mu ba su san wasa ba, wanda ya koya mini lissafi a kwaleji yakan mayar da kai da takarda sau uku. Amma yakan zauna da kai a kanta har ka gane, kuma bai taɓa tunanin rabuwa da kai don ajinsa ya yi kyan gani ba. Shi yana wahalar da kai don ka iya. Abin da na gani a nan wahalarwa ce don a tantance wanda zai fito da sunan gida, sauran kuma kuɗinsu na shekara biyu ya riga ya shiga.

Wata ɓarnar ma ba a cika lura da ita ba sai an zo neman gurbi. Mansiyon ɗin bak, wato darajar yabo da ake bai wa mai maki mai kyau, daga 12 take farawa, 14 ta fi ta, 16 ita ce ƙololuwa, kuma tana da tasiri wurin neman tallafin karatu na ANAB, hukumar gwamnati mai ba da shi, da guraben ƙasashen waje. Amma jami'o'in waje da yawa sukan nemi bilten na shekarun lise su ma. Mai duba dosiye a wata ƙasa bai san cewa 11 ta wannan gida ta fi 14 ta wancan ba, lamba kawai yake gani.

Abin da muka yi

Ubanta ya ce ta maimaita piremiyar a can, zai biya. Muka yi ta ja a waya kwana uku, yana cewa bayan wuya sai daɗi, ina cewa na ga wuyar da idona. Matata ce ta ce: "Ku duka kuna ta magana, an tambayi mai abin?" Ba a tambaye ta ba, tun daga Tawa har ranar. Na kira ta na ce ta faɗi abin da take so, babu mai yi mata faɗa. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta ce: "Kawu, ko ina ne, in dai za a riƙa gaya mini inda na yi kuskure."

Na samo mata wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta kusa da gida, wadda za ta iya zuwa da ƙafa, kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Na tura ta Tawa ta yi hutu wurin uwarta, na hana ta tafiya da littafi ko ɗaya. Ambaliyar damanar 2024 ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, bala'i ne ga dubban gidaje, amma ita ya ƙara mata makonni na barci da tuwon uwa. Ta dawo da ɗan kumatu.

A gida na kafa doka biyu. Ƙarfe 11 a kashe fitila, ko an gama ko ba a gama ba. Kofi kuma ya fita daga ɗakinsu. Na sallami malamin gida, na ɗauko wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke tsallako gada daga Harobanda sau biyu a mako, na ce masa kada ya koya mata sabon abu, ya ɗauki tsofaffin takardunta masu jan layi su sake su tare, ya nuna mata inda ta yi daidai kafin inda ta kauce. Ya fi wata uku kafin ta daina barin fili. Ranar da ta fara samun 14 a lissafi ba ta yi murna ba, ta ce malamin ne mai sauƙi. Sai da yaron nan ya kawo mata tambayoyin bak na shekarun baya, ta yi su da agogo a gabanta, ya gyara bisa ma'aunin da ake bi, ta ga lambar ba ta canza sosai ba, sannan ta fara yarda.

Sabuwar makarantar ma tana da nata. Su fiye da 60 ne a aji, malamin fizik yakan yi fashi, kuma ba su gama manhaja ba, babi biyu na ƙarshe a gida ta yi su. Ban ce na samo aljanna ba. Na samo wurin da ba a karanta sunanta daga ƙasa.

Ta zauna bak D a 2025 ta ci tun zagayen farko, da 12 da ƴan kai, da ƙaramar mansiyon. Ubanta ya kira yana murna har muryarsa na rawa, sannan ya ce: "Ka gani ko? Horon waccan makarantar ne ya yi mata rana." Ban musa masa duka ba, domin ita da kanta ta ce takardar lissafin bak ba ta kai dabuwar ɗin can zafi ba. Amma na ba shi labarin ƙawarta, ɗiyar wata mai sayar da atamfa, wadda ta tsallake da 12 daidai ta shiga tarminal a can. Da aka zo haɗa dosiye aka ce ta yi kandida libir. Ta kai zagaye na biyu ta faɗi. Shekara uku uwarta tana biya, kuma ko a lissafin waɗanda suka faɗi ba ta fito ba. A watan da ya biyo baya na wuce ta ƙofar makarantar, an rataya sabon ƙyalle, kashi 100 cikin 100.

Yarinyar nan ba ta nemi likitanci ba. Na zaunar da ita sau biyu, ta ce ba ta son ta sake ganin kanta a inda za a riƙa tankaɗe mutane. Ta koma Tawa tana karatun tattalin arziki a Jami'ar Djibo Hamani, tana kwana ɗakin uwarta. Ubanta bai gama haɗiye wannan ba har yanzu. Ni kuma in na tuna yadda take cika takardar kimiyyar halittu da zane da bayani, nakan yi shiru, domin ina ganin da ta yi likita ta gari.

A watan Satumba yayata ta kira. Ƙanen yarinyar ya ci BEPC, kuma ubansu ya ce a kai shi waccan makarantar, wai shi namiji ne, zai jure. Na ce ta ba ni kwana biyu. Na koma tagar sakatariyar nan da na tsaya a 2024, na gaishe ta, na ce tambaya ɗaya gare ni kafin in ɗauki fom: waɗanda suka zauna bak bana, su nawa ne ranar da suka shiga segond? Ta dube ni, ta ce wannan lissafin ba ya wurinta, sai dai in ga shugaba, shi kuma ya yi tafiya. Sannan ta miƙo mini takardar kuɗin makaranta ta bana da ranar gwajin shiga, ta ce in hanzarta domin gurabe sun kusa cika, akwai iyaye huɗu a bayana suna jira.